Kolki Kashtuye? Maganar Kuɗi da Farashi a Harshen Belarus

Wannan filinmu ne na harsunan duniya. Yau gabashin Turai muka nufa, ƙasar Belarus, mu ji yadda mutanenta ke maganar kuɗi da farashi da biya a harshensu. Mai biro da takarda ya jawo su kusa, don akwai kalmomin da ba sa zama a ka sai an rubuta.

Na san wani zai ce, me ya haɗa Bahaushe da Belarus? Karatu da ciniki. Akwai 'ya'yanmu da ke karatun likita a Minsk, babban birnin ƙasar, da Hrodna da Vitsebsk da Homel. Taraktan nan da ake kira Belarus, wanda masana'antar Minsk da aka kafa a 1946 ke ƙerawa, ya daɗe da sanin gonakin Afirka, kuma a 2025 gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da guda 2,000 da aka kawo daga can. Ƙasar ba ta da teku. Rasha da Yukiren da Polan da Lituwaniya da Latbiya ne suka kewaye ta, mutanenta kuwa sun ɗan haura miliyan 9.

Ga abin da nake so ku fara riƙewa. Takardar kuɗin da ke aljihunka a Belarus da Belarusanci take magana, amma mai kantin da za ka miƙa wa ita, galibi da Rashanci zai amsa maka. Duk rubutun da ke jikin takardun kuɗi da tsabobin ƙasar da harshen Belarus aka yi shi. Sanarwar tashoshi a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Minsk ma da shi ake yi. Sai dai tun ƙuri'ar raba gardama ta 1995 Rashanci ya samu matsayi ɗaya da shi a hukumance, kuma a birane shi ya mamaye ofis da kanti da gida. A ƙidayar 2019 fiye da rabin jama'a sun ce Belarusanci ne harshensu na gado, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai suka ce shi suke yi a gida. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa kuma akwai wani gaurayen harsunan biyu da suke kira trasyanka.

Shi ya sa ake yawan ce wa sabon ɗalibi kada ya wahalar da kansa, ya koyi Rashanci kawai ya huta. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban karɓe ta duka ba. Wanda bai san kalmomin kuɗi na Belarusanci ba, ba zai iya karanta kuɗin da ke hannunsa ba, kuma idan ya haɗu da tsohuwar da ta shigo gari daga ƙauye da kwandon tuffa, rabin maganarta zai wuce shi. Kalmomin ba su da yawa. Zan riƙa faɗa muku na Belarusanci, inda ya kamata kuma in haɗa da takwaransa na Rashanci, don kunnenku ya saba da duka biyun.

Kuɗi, a dunƙule, shi ne hroshi. Da Rashanci dyengi. Harafin farko na hroshi a rubuce kamar g yake, amma mutanen Belarus daga maƙogwaro suke fitar da shi, ya fi kusa da h mai nauyi, kuma akan ji wannan furucin a bakin ɗan ƙasar ko da Rashanci yake yi. Kalmar tsohuwa ce. Hrosh wata tsabar azurfa ce da ta yi yawo a wannan yanki tun ƙarni na 14, lokacin da ƙasar ke cikin babbar daular Lituwaniya, kuma ana ƙirga ta sittin-sittin, kowane sittin sunansa kapa. Kundin dokokin daular na 1588, wanda aka rubuta da tsohon harshen wannan yanki, da kapa yake yanke tara. Tsabar ta daɗe da ɓacewa, sunanta ya zauna.

Kuɗin yau sunansa rubel, nauyin murya a gaɓa ta biyu: ru-BEL. Ƙaraminsa kapeika, ɗari ke yin rubel ɗaya. Ku kula, na Rasha ma rubel ne a bakinsu, amma kuɗi biyu ne daban: byelaruski rubel da rasiiski rubel. Na Belarus ɗaya ya fi na Rasha ashirin. Idan wani ya faɗa maka farashi ta waya daga nesa ya ce rubel, tambaye shi wanne. A takardun banki alamar na Belarus ita ce BYN.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato ƙirga. Mu da Hausa muna cewa naira ɗaya, naira uku, naira hamsin, kalmar naira na nan yadda take. Su kuwa wutsiyar kalmar canjawa take, gwargwadon adadin da ya zo gabanta, kuma adadin ne ke fara zuwa. Bari mu fara da lambobin: adzin, dva, tri, catiri, pyats, shests, syem, vosyem, dzyevyats, dzyesyats. Daga ɗaya zuwa goma ke nan. Ashirin dvatstsats, talatin tritstsats, arba'in sorak, hamsin pyatsdzyasyat, ɗari sto, dubu tisyaca.

To ga siffofi uku. In ɗaya ne, adzin rubel. In biyu ne ko uku ko huɗu, rubli: dva rubli, tri rubli, catiri rubli. Daga biyar zuwa sama, rublyow: pyats rublyow, dzyesyats rublyow, sto rublyow. Ku maimaita bayana. Adzin rubel. Dva rubli. Pyats rublyow.

Idan adadi ya yi tsawo, lambar ƙarshe ce ke mulki. Ashirin da ɗaya ya koma siffar farko, dvatstsats adzin rubel. Ashirin da biyu, dvatstsats dva rubli. Ashirin da biyar, dvatstsats pyats rublyow. Masu taurin kai a gidan su ne sha ɗaya, sha biyu, sha uku da sha huɗu. Duk da ɗaya da biyu da ke wutsiyarsu, rublyow suke ɗauka. Ita kapeika mace ce a nahawunsu, saboda haka ɗaya da biyu ma sai sun sauya mata riga: adna kapeika, dzvye kapeiki, pyats kapeyek.

Kada wannan ya tsorata ku. In ka ce pyats rubli, mai kaya zai gane ka, ba wanda zai hana ka burodi don nahawu. Amfanin sanin siffofin a kunne yake. A kasuwa mai hayaniya, ko a bayan gilashin mai karɓar kuɗi, sau da yawa farkon magana yakan ɓace maka, wutsiyar ce kaɗai ke isowa. In ka ji rubli, ka san lambar ƙarshe ba ta wuce huɗu ba. In ka ji rublyow, ka san biyar ne ko fiye, ko lamba mai sifiri, ko ɗaya daga cikin sha-sha ɗin nan. Sannan ku ciro tsaba ku duba: ta rubel ɗaya an rubuta mata rubel, ta biyu rubli, takardar biyar kuma rublyow. Darasin duka yana aljihu.

Wannan w ta ƙarshen rublyow harafi ne da Rashanci ba shi da shi, u mai 'yar hula a ka. Suna ji da shi har sun gina masa abin tunawa a tsohon garin Polatsk a 2003.

Akwai kuma pawtara, ɗaya da rabi. Pawtara rublya, rubel ɗaya da kapeika hamsin. Za ku ji ta sosai.

Ba a fahimtar yadda ɗan Belarus ke maganar farashi sai an san irin wuyar da kuɗinsa ya sha. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasar ta fitar da takardun kuɗinta na farko a 1992. An yi ta jayayya kan suna, wasu suka ce a kira shi taler, amma majalisa ta tsaya a kan rubel. Maimakon hotunan shugabanni sai aka sa namun dajin ƙasar: kurege a kan kapeika 50, zomo a kan rubel 1, kyarketai a kan 5, a kan 100 kuma zubr, wani irin ɓauna da ke dajin Byelavyeja. Zomon ne ya ci suna. Jama'a suka laƙaba wa kuɗin duka zaiciki, 'yan zomaye, kuma har gobe akwai masu kiran kuɗin ƙasar da wannan suna cikin raha.

Zomayen ba su yi ƙarko ba. Hauhawar farashi ta cinye su, aka cire sifiri ɗaya a 1994, aka cire uku a farkon 2000. A 2011 abin ya sake rikicewa: a farkon shekarar dala ɗaya na wajen rubel 3,000, kafin ƙarshenta ta haura 8,000, farashin kaya ya fi ninki biyu. Kowa ya zama miloniya, albashi miliyoyi, burodi dubbai, babbar takarda ta kai ta 200,000. Ranar 1 ga Yuli 2016 aka yanke sifiri huɗu a lokaci guda, 10,000 na da ya zama rubel 1, waccan takardar 200,000 ta koma 20. In ka haɗa sifiran duka, takwas ne. Rubel ɗaya na yau ya tsaya a madadin miliyan 100 na zamanin zomo.

Masu sauraronmu na zangunan Gana ba sai an yi musu dogon bayani ba, don a 2007 haka aka yi wa sidi, 10,000 ya koma ɗaya, kuma sun san yadda baki ya daɗe yana ƙirga da tsohon lissafi bayan takardun sun canja. Haka aka yi a Belarus. An ɗauki shekaru mutane, musamman tsofaffi, suna cewa miliyan alhali rubel 100 suke nufi, ko su ce dubu goma suna nufin rubel ɗaya. In dattijo ya ba ka labarin abin da ya saya a shekarun baya da miliyoyi, kada ka ɗauka attajiri ne. Tambaye shi: starimi tsi novimi? Da tsoffin kuɗi ko da sababbi?

A 2016 ɗin ne kuma ƙasar ta fara amfani da tsaba a karo na farko tun samun 'yancinta. Matasa da yawa ba su taɓa riƙe tsabar ƙasarsu ba sai lokacin. Akwai ta kapeika 1, 2, 5, 10, 20 da 50, da ta rubel 1 da 2. Takardu kuwa bakwai, kowace da yankinta: 5 tana ɗauke da hasumiyar Kamyanyets ta lardin Brest, 50 da ganuwar fadar Mir, 100 da fadar Nyasvij, 500 da babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Minsk.

Takardar 50 ɗin nan tana da labari. An buga sababbin kuɗin tun 2009, aka ajiye su a ma'aji shekara bakwai ana jiran lokaci. Suna can ajiye sai sababbin ƙa'idojin rubutun harshen suka fara aiki a 2010, hamsin da ake rubutawa pyatsdzyesyat ta koma pyatsdzyasyat. Ranar da aka fito da kuɗin, sabuwar takarda fil tana ɗauke da tsohon rubutu, ga kuma sa hannun shugaban babban bankin da ya riga ya bar kujera. Sai a bugun 2020 aka gyara harafin. Ɗalibin da ya ga rubutu iri biyu a kan hamsin kada ya ce jabu aka ba shi.

Mu shiga tambayar farashi. Kolki kashtuye? Nawa ne? In kana nuna abin da yatsa, kolki heta kashtuye, nawa ne wannan? In kayan jam'i ne, kamar tuffa ko ƙwai, kolki kashtuyuts. Da Rashanci skolka stoit. Farashi shi ne kosht, ko tsana. Tsanar nan ba ƙiyayya ba ce, kuma ts ɗinsu mai laushi ce, ba a matse ta a maƙogwaro kamar tamu.

Da tsada: doraha. Ya yi tsada ƙwarai: zanadta doraha. Da araha: tanna, Rashanci kuwa dyoshava. Ku lura da inda nauyin murya yake. DO-raha, tsada. In ka matsar da nauyin tsakiya ka ce da-RO-ha, hanya ka ce. Bahaushe da ya saba rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya ba zai sha wuya a nan ba, muddin ya san akwai tarkon. Ƙa'idar harshen ce: o ba ta zama o sai nauyi na kanta, in ya bar ta sai ta koma a, kuma haka suke rubutawa. Shi ya sa madara da Rasha ke rubutawa moloko, su malako suke rubutawa a jikin kwali.

Rangwame shi ne znijka, Rashanci skidka. Wannan j ɗin, ku furta ta yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke furta j, mai santsi, ba mai tsalle ba.

Sai karatun takardar farashi. A can waƙafi ne ke raba rubel da kapeika. In ka ga 3,50, rubel uku ne da kapeika hamsin, kuma mai kaya zai taƙaita ya ce tri pyatsdzyasyat. Dubbai kuwa da ɗan fili ake raba su, ba da waƙafi ba: dubu ɗaya da ɗari biyar a rubuta 1 500. Wanda ya saba da lissafin makarantun Nijeriya sai ya yi hattara, na Nijar da Kamaru da Cadi kuwa ya riga ya san wannan tsari daga Faransanci. A duba kuma ko farashin na kilo ne ko na giram 100, don cuku da kifi da alewa sukan zo da na biyun. Tunda muna wajen karatun takarda, ga kalmomi uku da za su yi wa Musulmi amfani a layin nama: svinina naman alade, sala kitsensa, yalavicina naman sa.

Kanti krama ne, Rashanci magazin. Kasuwa rinak. Babbar kasuwar abinci ta Minsk ita ce Kamarowka, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta dandalin Yakub Kolas. Ciki wani makeken zaure ne mai rufi, layin nama da na madara da na zuma. A waje kuma, idan bazararsu ta kama, layuka ne na kayan lambu da 'ya'yan itatuwan daji da naman kaza. A farfajiyar akwai mutum-mutumin tagulla na wata mata mai sayar da 'ya'yan furen rana, zaune da kayanta. Irin waɗannan ƙananan kaya ba kullum da sikeli ake auna su ba. Akwai shklyanka, kofin gilashi, akwai sloik, kwalbar gilashi mai faɗin baki. Sai ka ji an ce pyats rublyow za sloik, rubel biyar kwalba.

Bari mu ji yadda ciniki zai kasance tsakanin ɗalibi da wata dattijuwa mai kayan lambu. Farashin da za ku ji misali ne kawai na darasi.

Ɗalibi: Dobri dzyen! Kolki kashtuye bulba?
Barka da rana! Nawa ne dankali?

Dattijuwa: Rubel pyatsdzyasyat za kilo.
Rubel ɗaya da hamsin kilo.

Ɗalibi: Uzvajtsye, kali laska, dva kilo. A kolki kashtuyuts yabliki?
Ku auna mini kilo biyu, don Allah. Tuffa fa, nawa?

Dattijuwa: Catiri rubli dvatstsats kapeyek.
Rubel huɗu da kapeika ashirin.

Ɗalibi: Doraha! Tsi mojna tannyei?
Da tsada! Ba ragi?

Dattijuwa: Byaritsye za catiri.
Ku ɗauka a huɗu.

Ɗalibi: Dobra, adzin kilo. Kolki z myanye?
To, kilo ɗaya. Nawa ne kuɗina duka?

Dattijuwa: Syem rublyow.
Rubel bakwai.

Ɗalibi: Vos dzyesyats.
Ga goma.

Dattijuwa: Vasha reshta, tri rubli.
Ga canjinku, rubel uku.

Ɗalibi: Dzyakui!
Na gode!

Kun ji siffofin nan uku duk sun fito: rubel, rubli, rublyow. Kun kuma ji tsye a ƙarshen uzvajtsye da byaritsye. Wannan jam'in girmamawa ne, kamar yadda muke ce wa babba "ku". A can ba babba kaɗai ake yi wa ba, duk wanda ba ka saba da shi ba, ko da sa'anka ne, vi ake ce masa, ba ti ba. Dattijuwar ma da "ku" ta yi wa ɗalibin magana. Kali laska ita ce don Allah, kuma ita ce amsar godiya. Dzyakui, na gode. Waɗannan biyun ko masu Rashanci zalla sun san su, wasu ma suna jefa su cikin magana.

Ku lura da girman ragin da ya samu: kapeika ashirin. Iyakar abin ke nan. Cinikin da muka sani, mai kaya ya sa suna sama, mai saye ya taya a ƙasa, a yi ta albarka har a daidaita, ba al'adarsu ba ce. A kasuwa za a iya share maka 'yan kapeika, ko a rage maka in ka sayi da yawa, ko in yamma ta yi ana shirin tashi. In ka taya rabin kuɗi, kallon mamaki za a yi maka, wata ma ta ji haushi. A krama kuwa babu zancen tayi sam. Hannun hukuma ma yana cikin farashi dumu-dumu: a watan Oktoba 2022 shugaba Alyaksandr Lukashenka ya ba da umarnin hana ƙarin farashi, majalisar ministoci ta bi da ƙuduri mai lamba 713 wanda ya ƙayyade ribar da za a ɗora wa kayan masarufi da yawa. Mai kanti ko ya so yi maka alheri, lissafinsa na ƙarƙashin idon masu bincike.

Wani zai tambaya, ba matsala baƙo ya yi Belarusanci a kasuwa? Gaskiya ne harshen ya ɗauki launin siyasa, musamman bayan zanga-zangar 2020, don 'yan adawa da yawa sun rungume shi. Amma harshen hukuma ne, shi ke jikin kuɗi da allunan tituna, kuma gaisuwa da tambayar farashi da godiya daga bakin ɗalibin Afirka ba abin da suka saba jawowa sai murmushi. In aka amsa maka da Rashanci, ba wulaƙanci ba ne, sabo ne. Ka bar siyasa ga masu ƙasa, ka karɓi canjinka.

Mu koma biya. Biyan kuɗi shi ne platsits. Wurin biya kasa, rasit kuma cek. A wurin biya tambayar da za a yi maka ita ce, da tsabar kuɗi ko da kati? Kuɗi a hannu hatowka ne, ko nayawniya. Kati kartka. Sai ka ce hatowkai, da kuɗi a hannu, ko kartkai, da kati. In kana so ka tambaya ko ana karɓar kati: tsi mojna kartkai? Canji reshta, Rashanci zdaca. In ba ka da ƙananan kuɗi, nyama drobnikh. A gidan abinci in ka gama: rakhunak, kali laska, a kawo mini lissafi. Wannan rakhunak ɗin ita ce kuma asusun banki. In ka bar wa mai hidima canjin, reshti nye treba, ba sai an kawo canji ba. Ba dole ba ne, kyautatawa ce.

Kati ya bazu ƙwarai a birane, har a ƙananan kantuna. Sai dai katin da ka zo da shi daga gida ba abin dogaro ba ne. Tun 2022 takunkumin ƙasashen Yamma ya faɗa kan bankunan ƙasar da dama, an cire wasu daga SWIFT, tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan duniya, saboda haka kati na waje yana iya aiki a wannan na'ura ya ƙi a waccan, kuma turo kuɗi daga gida yana iya zama aiki. Ƙasar tana da katinta na cikin gida mai suna Belkart. Ɗalibin da zai daɗe, gara ya buɗe rakhunak a bankin can. Iyaye kuma su binciki hanyar turo kuɗi tun yaro bai tashi ba, kada sai kuɗin makaranta ya zo wuya.

Akwai wani tsari da ya kamata ku san sunansa, don kullum za a ambata muku shi: ERIP, a bakinsu yerip, wanda kuma ake kira Razlik da Belarusanci, Rashcot da Rashanci. Rumbun biya ne guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Kuɗin wuta da ruwa, na waya da intanet, na ɗakin kwanan ɗalibai, na makaranta, har da tara, duk ta nan ake biya, ko ta manhajar banki a waya, ko a na'urar da ke tsaye a banki, ko a gidan waya. In ofis ya ce ka biya ta yerip, lambar da za a ba ka ita ce abin riƙewa.

Canjin kuɗin waje shi ne abmyen valyuti, farashin canji kuma kurs. Naira da sefa ba su da kasuwa a can, dala da yuro da rubel na Rasha ne ke tafiya, kuma takardu masu tsabta marasa yagewa sun fi saurin karɓuwa. A allon canji za ka ga layi biyu, kuplya da prodaj, saye da sayarwa. Daga ɓangaren banki ake magana. Kai da ka zo da dala kana neman rubel, layin kuplya ne naka, don bankin ne ke sayen dalarka, kuma shi ne ƙaramin adadi. A 2016 dala na wajen rubel 2, a 'yan shekarun nan tana kai-kawo a wajen 3. Canji a hannun mutum a kan titi laifi ne a dokarsu, komai daɗin farashin da ya faɗa maka. Mai shiga ƙasar da kuɗin da ya haura dala 10,000 kuma dole ya bayyana wa kwastan.

Saboda sifiran da suka gani suna zuwa suna tafiya, mutane da yawa har yau da dala suke auna manyan abubuwa a ransu. Hayar gida, mota, kuɗin makarantar baƙi, sau da yawa da dala za a faɗa maka su a baki, biya kuwa da rubel bisa kurs na ranar. Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi kurs na wace rana, na wane banki.

Kalma ta ƙarshe da za ku ci karo da ita a ofisoshi ita ce bazavaya vyelicinya, ma'aunin tushe. Dokokinsu ba sa cewa tara rubel kaza ce. Sai su ce ma'auni biyu, ma'auni goma, gwamnati kuma ta riƙa sabunta darajar ma'aunin lokaci-lokaci ba tare da an taɓa dokar ba. A 2024 ma'auni ɗaya rubel 40 ne, a 2025 ya koma 42. A baki bazavaya kawai suke cewa. Kuɗin takardun izinin zama da na hatimi da tarar shiga mota ba tikiti duk da shi ake lissafa su, saboda haka in jami'i ya ce maka dzvye bazaviya, ba rubel biyu yake nufi ba.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku rubuta da Belarusanci: rubel 12, rubel 34, da rubel 41 da kapeika 22. Ku kula da na farkon, yana cikin masu taurin kan nan, kuma sha biyu a harshensu dvanatstsats ne. Za mu karanta amsoshin a farkon shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Da pabacennya, sai mun sake saduwa.